Jakar barcin da aka ce ba ta shan ruwa

Da a makon da na karɓi wannan jakar barci, wato jakar da mutum ke shiga ya kwana a cikinta a tanti, aka nemi ra'ayina, da tauraro biyar zan ba ta ba tare da dogon tunani ba, domin ba ta da nauyi, tana naɗuwa ta shige ɗan buhunta ba tare da kokawa ba, kuma ɗinkinta ya fito tsaf. Lallausan gashin ƙirjin dinya ne a cikinta, mai lamba 700, wato lambar da ke nuna yadda gashin yake kumbura ya riƙe iska, kasancewar iskar da ta maƙale a tsakanin gashin ita ce take tsare ɗumin jiki. Abin da ya sa na zaɓe ta na bar ta zaren roba shi ne alkawarin da masu sayarwa suka rubuta ɓaro-ɓaro, cewa an shafa wa gashin sinadarin da ke hana shi shan ruwa, kuma yadin waje ma ruwa zamewa yake yi a kansa. Duk wanda ya saba kwana a tanti ya san cewa babban aibin gashin tsuntsu shi ne jiƙa, saboda haka wannan alkawari shi ya sa na rufe ido na biya abin da suka nema.

Daren da asirinta ya tonu ba a yi wani ruwan kirki ba, yayyafi ne kawai da ya ƙi ɗaukewa, iska kuma ta tsaya cik. Can cikin dare sanyi ya tashe ni, ba daga kai ko kafaɗa ba, daga ƙafa, irin sanyin da ke hawa ƙauri a hankali har mutum ya rasa yadda zai kwanta. Na kunna tocila na duba, sai na tarar ƙarshen jakar ya jingina da bangon tanti, yadin wurin ya yi duhu ya lafe. Da na matsa shi da hannu, maimakon laushin da na sani, sai na ji gashin ya dunƙule ƙulli-ƙulli kamar jiƙaƙƙiyar auduga, kowane ƙulli ya gudu ya maƙale a lungun ɗinki. Na ɗaga ta na haska daga baya, sai ga haske yana ratsowa ta wurare masu faɗin tafin hannu inda babu komai tsakanina da sanyi sai siraran yadi guda biyu. Na sa safa a kan safa, na cusa ƙafafuna cikin rigar sanyi, na ƙudundune, amma barci bai sake dawowa ba har gari ya waye. Da rana na shanya ta a kan igiya. Yadin ya bushe nan da nan, ƙulle-ƙullen da ke ciki kuwa har yamma suna nan da danshinsu, ga wani ƙarni da ya fara tashi daga gare su.

Na rubuta wa masu sayarwa cikin ladabi, na haɗa da hotuna. Amsarsu ita ce jakar ba ta da laifi, tantina ne yake yoyo, in je in gyara shi. Na ji haushi, amma na ga cewa akwai ƙamshin gaskiya a maganar, tunda tantin ya kwana biyu, ruwa ya daina taruwa ɗigo-ɗigo a bayansa ya gangare, tef ɗin da ke rufe ɗinki daga ciki kuma ya fara ɓarewa a wasu wurare. Sai na sayo ruwan feshi na sabunta maganin da ke sa ruwa ya zame a kan yadi da kuma man toshe ɗinki, kuma a nan ne na samu abin da ya ba ni mamaki ta fuska mai daɗi. Na wanke rufin tantin da ruwa zalla, domin garin sabulun wanki yana barin wani saura da ke jawo ruwa cikin zare, na fesa maganin ko'ina, na goge rarar da tsumma, na ɓare tsohon tef na bi ɗinkin da ɗan buroshi, na bar shi ya bushe har washegari. Akwai abin lura a nan ga mai son yin wannan aiki: yadin da aka shafe da silikon ba ya karɓar kowane irin mai sai na silikon, wanda aka shafe da roba daga ciki kuma nasa daban ne, don haka a duba takardar tantin kafin a saya. Da na kafa shi na sakar masa ruwa da tiyo na tsawon lokaci, ko ɗigo bai shiga ba. Wannan feshi ba ni da abin cewa a kansa sai yabo, ko da yake warinsa yana hawa kai idan ba a fili aka yi aikin ba.

A wannan mataki har na fara sassautowa, ina cewa wataƙila na yi wa jakar gaggawar hukunci. Fita ta gaba ce ta raba gardama. Tanti ba ya yoyo, sama ma ba ta zubo da komai ba, amma da safe ƙafar jakar ta sake yin danshi, gashin ya sake fara haɗewa. Dalili kuwa sananne ne: numfashi da zufar wanda ke kwance suna zama tururi, tururin ya tarar da sanyin bangon tanti ya koma ruwa, duk abin da ya taɓa bangon kuma ya jiƙe. Wannan raɓar cikin tanti babu feshin da ke maganinta, sai dai a rage ta da buɗe tagogin iska. Ke nan jakar da aka sayar mini a matsayin mai jure ruwa ta kasa jure mafi ƙarancin danshin da kowane mai kwana a tanti yake haɗuwa da shi, an kuma ɗora wa tantina laifin da ba nasa ba, na ɓata kuɗi da lokaci a kan gyaran da bai shafi matsalar ba.

Tunda haushi ya dawo, bari in faɗi abin da na so in kawar da kai a kansa. A jikin buhun an buga digiri 18 ƙasa da sifiri da manyan haruffa, amma wata 'yar takarda da aka ɗinke can ciki kusa da zif ta nuna cewa ma'aunin jin daɗi digiri 4 ne sama da sifiri, iyakar ƙasa kuma digiri 2 ƙasa da sifiri. Ƙa'idar gwaji ta ISO 23537, wadda ta maye gurbin ta Turai mai suna EN 13537, lambobi irin waɗannan take bayarwa bayan an gwada jaka da mutum-mutumi mai ɗumi da aka sa wa tufafin ciki aka kwantar a kan shimfiɗa. Ma'aunin jin daɗi shi ne inda mai saurin jin sanyi zai yi barci a sake, iyakar ƙasa ta mai jure sanyi ce da ya ƙudundune, lambar 18 ɗin nan kuwa tana nufin mutum zai iya kai wa safiya da ransa kawai, yana karkarwa, da haɗarin sanyi ya yi wa gaɓoɓinsa illa. A ɗauki wannan lamba a manna ta a gaba, a ɓoye sauran biyun a lungu, ni a ganina yaudara ce, kuma tana iya jefa sabon shiga cikin halaka.

Sai da na wanke ta da sabulun wanke gashin tsuntsu na musamman, na sa ta a na'urar busar da kaya a kan ƙaramin zafi tare da ƙwallayen tanis masu dukan ƙulle-ƙullen su warware, sannan ta dawo hayyacinta, amma har yanzu ɓangaren ƙafa bai kumbura kamar da ba. Zif ɗin ma, da na manta ban ambata ba, yana cin yadi kusan duk lokacin da aka ja shi cikin duhu. Yanzu ina ajiye ta a sake cikin babban buhu, idan zan fita in sa ta a leda mai kauri, in kuma lulluɓe ƙafarta da rigar ruwa kafin in kwanta, dabarun da bai kamata jaka mai wannan tsada ta buƙata ba. Tauraro biyu nake ba ta, su ma don rashin nauyinta ne. Wanda zai kwana a wuri mai danshi ya nemi ta zaren roba ko da ta fi nauyi, tunda ita tana riƙe wani ɗumin ko ta jiƙe, tana kuma saurin bushewa. Na sake rubuta wa masu sayarwa a kan maganar lambobin da ke jikin buhun, har yau ba su amsa ba.