Wane Set ɗin Lissafi Ya Kamata a Saya wa Yaro?

Da zarar an koma makaranta, shagunan littattafai a Gusau, Kaura Namoda da Talata Mafara sukan cika da set ɗin lissafi iri-iri, kuma yawancin iyaye mai araha suke ɗauka. Kafin a miƙa kuɗi, a fara duba ajin yaron. Ɗan aji 4 na firamare yana kan ninkawa, rabawa da ɓangarorin lamba, rula mai santimita 30 da fensir HB sun ishe shi. Daga aji 5 zuwa 6 ake shiga awon kusurwa da da'ira. A JSS 1 zuwa 3 kuwa, zane da kamfas, wato abin zana da'ira, ya zama dole: raba layi biyu daidai, fitar da kusurwa mai digiri 90, 60, 45 da 30, har zuwa jarrabawar BECE ta kammala JSS 3.

Wanda na fi ba da shawara shi ne Helix Oxford na gwangwani, na kamfanin Ingila da Maped na Faransa ya saya a 2012. A cikinsa akwai rula mai santimita 15, set sukwaya biyu (robobi masu kusurwa uku), furotirakta (abin auna kusurwa) mai digiri 180, kamfas, fensir, kilina da abin fiƙe fensir. Abin da ya ɗaga shi sama shi ne kamfas ɗinsa: wuyansa na riƙe buɗin da aka yi masa, zoben da ke kama fensir kuma ba ya sakewa. Duk aikin zane a kan wannan ya rataya. Kusurwa mai digiri 60 tana fitowa ne saboda an zana baka biyu da buɗi ɗaya. Kamfas ya motsa ko da milimita biyu, amsa ta lalace, yaro ya rasa maki alhali ya gane darasin sarai.

Nataraj da Camlin na Indiya ba laifi, in an samu na asali. Na cikin leda marasa suna kuwa, a bar wa mai shago abinsa.

Babbar matsalar ita ce jabu. Sunan Oxford ya yi kasuwa, don haka ana kwaikwayon gwangwanin har da launinsa, sai an buɗe ake ganin ɓarna. Kada a yarda a sayi set a rufe. A tafi da takarda, a buɗe kamfas santimita 5, a zana da'ira. Ƙarshen layin ya haɗu da farkonsa? Sai a bi gefen da'irar da wannan buɗin, ana sa alama; alama ta shida dole ta faɗo kan inda aka fara. In ta wuce ko ta kasa, wuyan kamfas ɗin ya saki.

Sannan a ɗora set sukwaya a kan furotirakta, gefe ɗaya a layin ƙasa, kusurwarsa mai digiri 90 a tsakiya. Ɗaya gefen ya tsaya cak a kan 90. Na jabu da yawa ana buga musu lambobi a karkace, yaro ya yi ta auna 58 a inda ya kamata ya samu 60. A kankare lamba ɗaya da farce. In ta goge, ba za ta kai ƙarshen zango ba. A jera rular da wata, a ga ko alamar santimita 10 ta zo daidai. Robar ma a taɓa ta: siririya takan lanƙwashe a zafin Maris da Afrilu, musamman in an bar jaka a rana, mai ƙarfi fiye da kima kuma takan tsage a lokacin hunturu.

Wani abin lura: wasu sukan cire kamfas na asali su sa na bogi a gwangwani na gaske, don haka kyan gwangwani ba shaida ba ne. Dibaida kuwa, wato mai kama da kamfas amma mai tsini biyu, in tana cikin set ɗin, a cire ta a ajiye a gida in yaron ɗan firamare ne. A rubuta sunansa a cikin murfin, a yanke fensir gajere na kamfas kaɗai, don dogo yana karkatar da hannu.