Ƙananan lambobin yabo na babban hafsan igwa: wanne ya cancanci a saya?

Duk wanda ya taɓa duba kundin gwanjon lambobin yabo na soja a Landan zai lura cewa lambobin iri biyu ne. Akwai manya, waɗanda gwamnatin Birtaniya take ba soja bayan yaƙi, faɗin kowace kimanin milimita 36, kuma yawancin na kafin Yaƙin Duniya na Biyu an buga sunan mai ita da muƙaminsa da rundunarsa a gefenta. Akwai kuma ƙanana, masu kimanin rabin wannan faɗi, waɗanda hafsa yake maƙalawa a ƙirjin rigarsa ta liyafar dare. Gwamnati ba ta raba ƙananan. Hafsa ne yake zuwa wurin telan soja ko maƙerin zinariya ya saya da kuɗin aljihunsa, kuma ba a cika rubuta suna a kansu ba. Wannan rashin suna shi ne tushen duk wahalar mai saye, domin jeri biyu, wato tarin lambobin da hafsa yake jerawa a ƙarfen maƙalawa guda, na iya zama iri ɗaya a ido, amma farashin ɗaya ya ninka na ɗayan sau da yawa saboda kawai an ce na Janar wane ne.

Ma'aunin da ya fi inganci a wannan ciniki shi ne tarihin aikin hafsan kansa, kuma akwai misalin da ya shafe mu kai tsaye. Manjo Janar George Kemball, wanda aka haifa a 1859 ya mutu a 1941, ya shiga rundunar igwa ta Birtaniya a 1878. Ya yi yaƙin Afganistan na biyu yana ƙaramin hafsa, ya shiga yaƙin Chitral a kan iyakar Indiya a 1895, sannan aka turo shi Afirka ta Yamma, inda ya jagoranci sojojin da suka auka wa Kontagora da Bida a farkon 1901. Shi ne babban kwamanda a yaƙin Kano da Sakkwato na 1903, ko da yake Kanar Morland ne ya shiga Kano a ranar 3 ga Fabrairu da igwoyi masu baki milimita 75, kafin Sakkwato ta faɗi a tsakiyar Maris. A ƙarshen aikinsa haruffan girman da suke bin sunansa su ne KCMG, CB da DSO, wato gajerun sunayen lambobin girma uku na Birtaniya. Ba lallai ne mai karatu ya ƙaunaci mutumin ba, kuma ni ma ban ga dalilin da zai sa jikokin waɗanda aka harba wa igwa su ƙaunace shi ba, amma lambobin irin waɗannan hafsoshi shaidu ne na abin da ya faru a ƙasarmu, kuma wannan ya isa dalilin neman su.

Hafsa mai irin wannan tarihi, jerin lambobinsa yana karantuwa kamar takardar aiki. Lambobin girma ne suke fara zuwa, na jarumin masarauta kafin na ƙasa da shi, wato KCMG kafin CB, sannan DSO, wadda aka ƙirƙiro a 1886, mai farin gicciye da jan kintinkiri mai shuɗin baki. Bayan su sai lambobin yaƙe-yaƙe bisa tsarin shekaru: ta Afganistan ta 1878 zuwa 1880, sai ta Indiya ta 1895, sai lambar yaƙe-yaƙen Afirka da aka ƙirƙiro a 1902, mai kintinkiri rawaya da baƙin baki da siraran korayen layuka biyu. A kan wannan ta ƙarshe ake giciya 'yan sandunan azurfa masu sunan yaƙi, kuma wadda aka rubuta wa "N. Nigeria 1903" ita ce ta Kano da Sakkwato, yayin da ta 1906 ta haɗa da rikicin Satiru. Idan dillali ya ce jeri na wani hafsa ne, alhali akwai sandar yaƙin da hafsan bai halarta ba, ko babu ta yaƙin da kowa ya san ya jagoranta, to maganar ta ƙare tun daga nan. Haka kuma lambar CB kashi biyu ce, ta soja mai farin gicciye da ta farar hula mai siffar ƙwai ta zinariya zalla, kuma ta sojan ake sa ran gani a jerin wanda ya same ta a fagen fama.

Zaɓin da ya fi tsada shi ne jerin da aka danganta ga sanannen hafsa da hujja. Hujja a nan tana nufin abin da za a iya bi a tabbatar: an sayar da ƙananan tare da manyan masu suna a gwanjo ɗaya, ko wasiƙa daga iyalin mamacin, ko hotonsa sanye da jerin, ko tsohon kundin gwanjo da ya ambace su. Gidajen gwanjo irin su Spink, wanda yake ciniki tun 1666, da Noonans, wanda a da ake kira Dix Noonan Webb, suna bayyana inda kaya suka fito, kuma kalmomin da suke zaɓa suna da nauyi. Akwai tazara mai faɗi tsakanin a ce hafsan ya sa jerin da a ce ana danganta jerin gare shi, kuma akwai tazara mafi faɗi tsakanin waɗannan da a ce jerin yana wakiltar lambobin da ya samu, domin wannan na ƙarshe ma'anarsa wani ne ya tattaro su ɗaya bayan ɗaya ya jera. Wanda ya biya kuɗin na farko ya karɓi na uku ya yi sayen kura a rami. Ya kamata kuma a tuna cewa farashin da aka buga guduma a kansa ba shi ne ƙarshen biya ba, domin gidan gwanjo yana ɗora la'ada da takan haura kashi 20 cikin ɗari, ga kuɗin aikowa da inshora da kuɗin fito, ga kuma canjin fam.

Zaɓi na biyu shi ne tsohon jeri na zamanin, wanda ba a san mai shi ba. A ganina wannan ne ya fi dacewa da mafi yawan masu farawa, domin kuɗin yana tafiya ne a kan aikin hannu da ake gani, ba a kan labari ba. Ƙananan lambobin zamanin Sarauniya Biktoriya da Sarki Edward na Bakwai galibi na azurfa ne da aka buga da hatimi, fuskar sarki ta fito sarai har gashin gemu, sandunan yaƙi kuma kowace an ƙera ta daban an zura ta a kintinkiri ko an haɗa ta da 'yar'uwarta. Lambobin girma na wancan lokaci akan same su da zinariya ko azurfa mai ruwan zinariya, da farin shafe mai ƙyalli kamar tangaran, wanda yakan ɗan tsage idan ya tsufa. Kintinkirin siliki ne, ya koɗe a gaba amma launinsa yana nan a baya inda rana ba ta taɓa ba, kuma sau da yawa sunan shagon da ya jera su yana jikin ƙarfen maƙalawa. Wani lokaci haɗin lambobin yakan zama na daban har mai bincike ya iya taƙaita masu yiwuwar mallakarsa zuwa mutum biyu ko uku, ta hanyar duba jaridar gwamnati ta London Gazette da rajistar lambobin yaƙi mai lamba WO 100 da ke ma'adanar tarihi ta ƙasar Birtaniya a Kew, Landan. Wannan bincike yana da daɗi, amma sakamakonsa zato ne mai ƙarfi kawai, kuma bai kamata a biya shi kuɗin tabbas ba.

Akwai wani abu da yakan rikita sabon shiga. Lambar Afirka mai sandar 1903 fuskar Edward na Bakwai ya kamata ta ɗauka, amma akan ci karo da ƙarama mai fuskar George na Biyar. Wannan ba ya nuna jabu kai tsaye, tunda hafsan yana iya sabunta jerinsa bayan shekaru goma ko ashirin ya karɓi abin da shago yake da shi. Abin da yake nunawa shi ne an ƙera ta bayan 1910, kuma farashi ya kamata ya bi wannan.

Zaɓi na uku shi ne sababbin kwaikwayo, waɗanda ba sa bukatar dogon bayani. Ana zuba su ne da ƙarfe mai araha a shafa musu ruwan azurfa, fuskar sarki ta yi dushi-dushi, sanda da lamba sun fito a dunƙule, kintinkiri kuma na roba ne mai sheƙi. Suna da amfani ga malamin tarihi da yake son nuna wa ɗalibai, ko ga mai shirya nuni, matuƙar an sayar da su da sunan abin da suke. Matsalar tana zuwa ne idan aka tsufar da su da gangan aka sa su a kasuwar intanet da hoto guda mai duhu.

Akwai zaɓi na huɗu da ba ƙaramar lamba ba ne, amma duk mai auna kuɗinsa ya kamata ya sa shi a sikeli. Igwoyin da suka je Kano ba Turawa kaɗai suka harba su ba. Rundunar Arewacin Nijeriya ta wancan lokaci tana da sassan igwa da 'yan ƙasa suka cika, kuma su ma an ba su babbar lambar Afirka mai suna da lambar soja a gefe. Irin waɗannan lambobi suna fitowa a gwanjo lokaci zuwa lokaci, kuma sunayen da ke jikinsu namu ne, ko da an rubuta su yadda kunnen Bature ya ji. Wanda burinsa tarihin Arewa ne zai iya samun abin da ya fi kusa da zuciyarsa a lamba guda mai suna, wadda za a iya nemo mai ita a rajista, fiye da jerin ƙanana takwas marasa suna. Abin dubawa a nan shi ne gefen lambar: idan ya yi siriri a wuri ɗaya ko haruffan sun karkace, mai yiwuwa an kankare suna an sake wani. Ga hafsoshin igwa na Birtaniya kuwa, haruffan R.F.A. da R.G.A. a gefen lamba, gajerun sunayen sassa biyu na rundunar igwa, suna nuna shekarun 1899 zuwa 1924, lokacin da aka raba rundunar gida-gida.

Kafin biya, mai saye ya nemi hoton gaba da na baya na kowace lamba, da hoton ƙarfen maƙalawa, ya kuma tambaya ko jerin a sake yake yana lilo ko an ɗinke shi a kan abu mai tauri, domin sabon ɗinki a kan tsofaffin lambobi yana nuna an taɓa jerin, kuma wanda ya sake ɗinki yana iya ƙara lamba ko ya cire. Ya nemi a rubuta masa danganawar a rasit da kalmomin da aka tallata kayan da su, tare da sharaɗin mayarwa idan ta tabbata ba haka ba ce. Idan kayan sun iso, kada ya goge su da man goge ƙarfe, domin duhun da azurfa take yi da shekaru yana cikin abin da masu saye suke biya, kuma kada ya canza tsohon kintinkiri ko da ya koɗe. Ajiya a akwati mai rufi, nesa da rana da danshin damina, tare da rasit da duk takardar da ta zo da jerin a ambulan guda, ita ce za ta sa wanda zai saya daga hannunsa nan gaba ya yarda da abin da aka gaya masa.