Ruwan ciyawar teku a gonar tattasai: inda ya yi amfani da inda ya gaza

Kaka biyu ke nan ina fesa wa tattasaina ruwan ciyawar teku, kuma na jinkirta wannan sharhi da gangan har sai da na gwada shi a lokacin sanyi da lokacin zafi. Ruwa ne baƙi mai kauri, mai ƙarni kaɗan, wanda ake tatsowa daga ciyawar da masana ke kira Ascophyllum nodosum, wadda ke fitowa a kan duwatsun gaɓar arewacin Tekun Atlantika, a ƙasashe irin su Kanada da Norwe. Ba taki ba ne, ba kuma maganin ƙwari ba ne. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 2019/1009, wadda ta fara aiki a watan Yulin 2022, ta ware irin waɗannan kayayyaki a rukuni na daban, na abubuwan da ke zaburar da shuka ta ci moriyar abincin da ke ƙasa, ta jure fari da zafi, ta kuma inganta 'ya'yanta, ba don abincin da su kansu ke ɗauke da shi ba. Manomin da bai fahimci wannan ba kafin ya saya, lallai zai yi zaton an cuce shi.

Don kada in yaudari kaina, na bar wasu kunyoyi ba feshi, alhali iri ɗaya ne, taki ɗaya, ban ruwa ɗaya. Bambancin farko ya bayyana ne bayan dashe. Shukar da na tsoma saiwarta a ruwan da na sirka ta miƙe da wuri, yayin da sauran suka yi kwanaki suna langaɓewa da rana. Bayan mako uku na tumɓuke ɗaya daga kowane ɓangare na wanke saiwar, sai na ga wadda aka tsoma ta cika da ƙananan saiwoyi farare kamar gashi, ƙasa ta maƙale a jikinsu, ɗayar kuwa saiwarta ba ta yi rassa sosai ba.

Amma inda ya fi burge ni shi ne lokacin fure. Duk mai noman tattasai ya san baƙin cikin shiga gona da safe ya tarar da fure a zube a gindin shuka, domin da zarar zafin rana ya haura digiri 32 ma'aunin Salshiyos, tattasai kan fara karkaɗe furensa kafin ya ƙulla. Kunyoyin da na fesa ma sun zubar, ba zan ɓoye ba, sai dai abin da suka riƙe ya fi yawa a fili, kuma da aka zo tsinka, 'ya'yansu sun fi kaurin tsoka da sheƙi, suna da nauyi a tafin hannu, ba sa kuma saurin yamushewa bayan an ajiye su. A lokacin sanyi kuwa, da shukar ba ta cikin matsi, da ƙyar na iya bambance ɓangarorin biyu.

Akwai abin da ya ɓata mini rai. Rubutun jikin kwalbar yana nuna kamar ruwan zai magance kowace matsala, abin da ba gaskiya ba ne. A gefen gonar da taki bai wadata ba, ganyen ya ci gaba da yin rawaya duk da feshin. Haka kuma, makon da ban ruwa ya yi mini tsaiko, ƙasan wasu 'ya'yan ya yi baƙi ya ruɓe, ciwon da ke faruwa idan sinadarin kalsiyam bai isa ga ɗan tattasai ba saboda rashin daidaiton ruwa. Ruwan ciyawar yana kuma kwantar da laka a gindin kwalba, wadda ta toshe mini bakin injin feshi sau biyu kafin na koyi girgiza shi sosai in tace da ƙyalle.

Zan sake saye, amma zan taƙaita amfani da shi ga lokacin dashe da kuma gab da fitowar fure, in yi feshin da sassafe ko da yamma, bisa ma'aunin da aka rubuta ba tare da ƙari ba.