Yadin da muka zana tare a unguwar Zariya

Ranar Asabar na kai ɗiyata wurin wani matashi mai zane a unguwar Zariya, nan Maradi, wanda ke buɗe tsakar gidansu ga duk mai so. Manya jika ɗaya, yara kyauta. Na zaci kallo za mu yi mu dawo, ashe aiki ke jiranmu.

Farin yadi ya kafe a bango, babu buroshi ko ɗaya. Ƙore ne jere a ƙasa: jar ƙasa, baba, lalle, dakakken gawayi, duk an dama da ƙaro don su kama. Gefe guda ga buhun murafen lemu da waya. Ya ce wannan dabara ta murafe wurin El Anatsui ya gano ta, ɗan Gana da ya fara koyarwa a jami'ar Nsukka a 1975, mai ɗinke murafen kwalabe da wayar jan ƙarfe har su koma kamar ƙaton zane.

Wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a ƙofar gidan ta leƙo. Ya ce, "Inna, zo ki sa hannu." Ta ce, "Ni da ban yi lakwal ba, ɗana?" Da ƙyar ta yarda. Ta tsoma yatsa a baba ta shiga jan layuka irin na zanen ƙwarya, kusurwa na bin kusurwa, ko kai ba ta ɗagawa. Wuri ya yi tsit. Ɗiyata ta tsuguna gefenta tana kwaikwayo har la'asar, ta manta da ni. Wallahi wannan kaɗai ya biya mini kuɗina.

Inuwa ta yi kaɗan, ruwan wanke hannu bokiti ɗaya ne ga mu duka, shuɗin baba ya kwana uku a farcena. Waɗannan masu sauƙi ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, da aka gama, sunansa kaɗai ya rubuta a ƙasan yadin. Na ce masa, "Ƙanena, hannun Inna ne ya fi fita a nan, ina sunanta?" Ya ɗan yi shiru, ya ce zai sa na kowa.

Mai yara ya je da su, amma a sa tsofaffin tufa, a riƙe ruwa. Ni dai zan koma Asabar mai zuwa in duba sunayen. Inna ta ce nata da ajami take so a rubuta, don ta iya karantawa.