Camry mai ABS kaɗai da mai VSC: wacce za ka ɗauka?

Malam, ka ce ka samu Camry biyu 'yan Amurka a hannun dillali ɗaya, ta 2008 da ta 2010. Ta 2008 ta fi kyan jiki, ta kuma fi sauƙin kuɗi, amma ABS kawai gare ta. Ta 2010 tana da ABS da VSC. Dillalin ya ce maka ai duk birki ne, tunda akwai ABS to VSC ado ne kawai. Ka kuma ce yawancin tafiyarka tsakanin Kano da Abuja ce, wani lokacin har da iyali.

Ni dai shawarata ka ɗauki ta 2010, da sharaɗin VSC ɗinta yana aiki. Maganar dillalin ba daidai ba ce, kuma kuskure ne da zai iya cin rai, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Kada sunaye su ruɗa ka. Abin da Toyota ke kira VSC, shi Honda ke kira VSA, Nissan ta ce VDC, BMW ta ce DSC, Mercedes da Volkswagen da Peugeot su ce ESP. Sunan da ya haɗa su duka shi ne ESC, wato na'urar da ke hana mota ƙwacewa. Zan ci gaba da cewa VSC tunda Toyota kake nema.

ABS aikinsa ɗaya ne. Idan ka danna birki da ƙarfi, taya takan daskare ta daina juyawa, motar ta riƙa jan ƙasa. Tayar da ta daskare ba ta jin sitiyari: ko ka murza shi har ƙarshe, motar gaba za ta yi. ABS yana da na'ura a kowace ƙafa mai auna gudun taya. Da ya ga wata za ta daskare sai ya sake ta, ya sake kamawa, sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Wannan ne karkarwar da kake ji a tafin ƙafarka, kuma ba lalacewa ba ce. Ka danne birkin kawai, kada ka riƙa ɗagawa kana mayarwa. Amfaninsa shi ne kana birki kana kauce wa abin da ke gabanka. Amma ka lura: sai ka taka birki yake farkawa. In ba ka taka ba, babu ruwansa da kai.

VSC kuwa ba ya jiran ƙafarka. A kan famfon ABS da na'urorin ƙafafun nan aka gina shi, shi ya sa duk motar da ke da VSC tana da ABS, amma ba duk mai ABS ke da VSC ba. Abin da aka ƙara masa shi ne na'urar da ke karanta inda ka karkata sitiyari, da wata da ke jin yadda jikin motar ke juyawa da yadda ake fizgarsa gefe. Kwamfutar motar tana gwada biyun ba tsayawa: ina direba ya nufa, ina motar ta dosa? Kamfanin Bosch ya ce nasa yana yin wannan gwajin sau 25 a daƙiƙa. Da zarar biyun sun saɓa, sai ta kama birkin taya ɗaya tak, ta kuma rage ƙarfin inji in da buƙata.

Wannan kama taya ɗayan shi ne abin da babu direban da zai iya, komai gwanintarsa, domin feda ɗaya gare shi kuma ƙafa huɗu take kamawa gaba ɗaya. Ka tuna kurar mai ruwa: idan tayarta ta hagu ta ci karo da dutse, kurar hagu take juyawa da kanta. Da wannan dabarar VSC ke juya mota. A ce ka shiga kwana ta hagu da gudu, bayan motar ya fara zamewa dama, tana neman juyowa ta kalli inda ta fito. Sai ya kama tayar gaba ta dama, motar ta miƙe. In kuwa gaban ne ya ƙi shiga kwanar, kana murza sitiyari tana tafiya kai tsaye wajen daji, sai ya kama tayar baya ta hagu, ya jawo hancinta ciki. Abin da za ka gani kawai shi ne wata fitila mai hoton mota da layuka biyu masu lanƙwasa tana ƙyaftawa, wata motar ma har da ɗan ƙara.

Yanzu mu ɗora motocin biyu a kan hanyarka. Kana gudun kilomita 100 a awa, wato kusan mita 28 kake cinyewa a kowace daƙiƙa. Tirela ta tsaya a gabanka, hanya a miƙe, ka danna birki. A nan babu bambanci sosai tsakaninsu, ABS ne ke aiki a duka biyun, sauran kuma ya rage ga lafiyar taya da ta birki.

To amma a ce saniya ce ta faɗo titi daga gefe, ko ɗan acaɓa, ko ka hango rami a makare. Abin da hannu ke yi kafin tunani shi ne fizgar sitiyari. Fizga ta farko yawanci mota tana jurewa. Ta biyu, wadda kake yi don komawa hannunka, ita ce mai haɗari, domin nauyin motar da ya kwanta gefe ɗaya yana dawowa ɗaya gefen da ƙarfi, bayanta ya balle. Direba ya sake fizga don ya gyara, ta ƙara ballewa ta ɗaya ɓangaren. Daga nan sai ta bar kwalta a karkace, taya ta cije a ƙasa mai laushi ko bakin kwalbati, ta wuntsila. Wannan ne abin da muke ji kullum a labarai: "motar ta ƙwace wa direba". A wannan yanayin ABS ɗin ta 2008 ba shi da abin yi, tunda matsalar ba ta daskarewar taya ba ce. Ita ta 2010 tun a fizga ta biyun VSC ya riga ya sa baki, kafin kai ka gane bayan motar ya fara tafiya.

Irin wannan kaucewar ce ma ta sa na'urar ta yaɗu a duniya. A 1995 ta fara fitowa, a manyan motocin masu kuɗi: Mercedes S600 da na'urar Bosch, da Toyota Crown Majesta a Japan. Sai a watan Oktoba na 1997 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada sabuwar ƙaramar Mercedes A-Class da gwajin kauce wa dabba a titi, motar ta kife. Mercedes ta dakatar da sayar da ita, ta gyara ƙafafunta, ta sa wa kowace ɗaya ESP. Daga nan sauran kamfanoni suka fara sauko da ita zuwa motocin talakawa.

Alƙaluman da aka tara bayan haka sun bambanta su ƙwarai. Hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta Amurka, NHTSA, ta gano cewa ABS yana rage haɗurran da ba a rasa rai ba, amma a kan masu kisa tasirinsa kusan babu. A kan ESC kuwa ta ƙiyasta yana rage haɗarin da mota ke yi ita kaɗai da kashi 34 cikin ɗari a ƙananan motoci, da kashi 59 a jif-jif. Cibiyar bincike ta kamfanonin inshora a can, IIHS, ta ce yana rage haɗarin mota ɗaya mai kisa da kusan rabi. Saboda haka Amurka ta wajabta shi a kan duk ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Waɗannan alƙaluman na titunansu ne, amma yadda mota ke ballewa a can haka take ballewa a Kwanar Dangora ko a gangaren Hawan Kibo.

A kan Camry ɗin nan taka, daga 2007 zuwa 2009 VSC zaɓi ne a Amurka, wanda ya ƙara kuɗi aka sa masa. Daga ƙirar 2010 ne Toyota ta sa wa kowace ɗaya, haka ma Corolla. Honda Accord kuwa tun ƙirar 2008 duk suna da shi. Ga masu neman wata motar daban, ku sani dokar nan ta shafi motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Turai ne kawai. Motar da aka yi wa wata kasuwa tana iya zama sabuwa fil ba ta da shi, don haka shekara kaɗai ba hujja ba ce. Ba kuma abu ne da za ka sayo a kasuwar kayan gyara bakanike ya ɗaura maka daga baya ba. Motar da ta zo babu shi, haka za ta ƙare.

Wani ƙarin dalili a gefe: ta 2010 mai silinda huɗu ta zo da sabon inji mai lita 2.5, shi kuwa mai lita 2.4 na 2007 zuwa 2009 an san wasunsu da shan baƙin mai. In har za ka koma kan ta 2008, ka bincika wannan.

Akwai inda VSC ba zai cece ka ba, kuma ban so ka saye shi ka ƙara gudu. Duk aikinsa ta taya yake bi. In tayar ta suɗe, ko ta tsufa ta bushe, ko ruwan sama ya taru ta hau kansa, babu abin da zai kama. Ka duba lambobi huɗun ƙarshe na layin rubutun da ya fara da DOT a jikin taya: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Haɗa tayoyi masu girma daban-daban kuma yana rikita lissafinsa. Ba ya hana gaba-da-gaba in ka yi ganganci wajen wuce tirela, ba ya tada mai gyangyaɗi, ba ya maye gurbin bel. In taya ta fashe kana gudu, zai iya taimakawa wajen riƙe motar, amma dole kai ma ka riƙe sitiyari da hannu biyu, kada ka danna birki da ƙarfi, ka bari gudun ya sauka a hankali. Wuri ɗaya da ya dace a kashe shi, a motar da ke da maɓallin, shi ne in ka kafe a yashi ko taɓo, domin a nan kana buƙatar taya ta juya da ƙarfi shi kuma yana hana ta. Da ka fita ka mayar da shi.

Sai sharaɗin da na faɗa tun farko, wanda ya fi damuna a motocinmu. Da yawa suna da VSC a takarda, amma ya mutu tuntuni. Wani famfon ABS ɗinsa ya lalace, aka ce masa ai cire shi ya fi, aka haɗa bututun birki kai tsaye. Duk motar da aka yi wa haka ta rasa ABS da VSC a rana ɗaya. Wata kuma an tsinke wayar na'urar ƙafa wajen gyaran shok ko borin, fitila ta kama, sai aka cire ƙwan fitilar ko aka liƙe shi don mai saye kada ya gani.

Ga yadda za ka gwada a gaban dillalin. Ka murza makulli har fitilun dashbod su kawo, kada ka tada inji tukuna. Ka nemi ta ABS, da ta injin, da mai hoton mota tana zamewa, dukkansu dole su kama. Sannan ka tada motar: cikin 'yan daƙiƙoƙi dole su mutu. Wadda ba ta kama ba sam, an taɓa ta. Wadda ta kama ta ƙi mutuwa, akwai matsala. Ka buɗe bonet ka ga famfon ABS da idonka, bututun ƙarfe na shiga suna fita, soket ɗinsa a jone. Ka yi tafiyar gwaji mai ɗan nisa, domin wata fitilar sai mota ta fara gudu take dawowa. Bayan haka ka kai ta wurin mai na'urar sikanin da kai ka zaɓa, ba wanda dillali ya kawo ba.

A yawancin Toyota, da fitilar inji ta kama sai ta VSC ta biyo ta, na'urar kuma ta daina aiki, ko da matsalar ba ta wuce na'urar auna hayaƙi ko murfin tanki da bai rufu ba. Don haka wanda ya ce maka "ai duk Toyota haka suke, ka rabu da fitilar" yana ce maka ne ka yi tafiya babu VSC. Haka kuma bayan an yi alaimen ko an taɓa sitiyari, wani lokacin sai an sake saita na'urar da kwamfuta don ta san inda tsakiya take.

In sikanin ya nuna ƙaramin abu ne, kamar na'urar ƙafa ɗaya ko waya, ka sa a rage maka kuɗin gyaran, a gyara kafin ka hau hanyar Abuja. In kuwa famfon ne aka cire, to ta 2010 ɗin ta koma ƙasa da ta 2008, tunda ita ta 2010 ɗin yanzu ko ABS ba ta da shi. A nan ka bar su duka biyun, ka nemi wata ta 2010 ko ta 2011 mai lafiya. Suna da yawa a kasuwa. Allah ya sa ka saya a sa'a, ya tsare hanya.