Kafin a ja igiya a gonar Baba: saƙo daga Milton Keynes

Yaya, ina gaisuwa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Na saurari saƙonka har sau biyu. Ka ce 'yan'uwa sun amince a yanka gonar marigayi Baba a yi fuloti, kuma dillali ya ce in aka matse hanya za a ƙara samun guda shida. Wannan "matse hanya" ce ta hana ni barci, shi ya sa zan ba ka labarin garin da nake zaune.

Milton Keynes gari ne a Ingila, kamar kilomita 80 arewa maso yamma da Landan. A takarda aka fara zana shi. A watan Janairun 1967 gwamnati ta ware wurin don rage cunkoson Landan, aka yi masa lissafin mutum 250,000 tun ana noman alkama da kiwon tumaki a filin. Masu tsara garin manyan tituna suka fara shatawa, a tsaye da a kwance kamar gidan dara, tsakanin titi da titi kusan kilomita ɗaya. Na kwance ana sa musu H da lamba, na tsaye V da lamba, a yawancin mahaɗarsu kuma shataletale. Kowane murabba'i da ke tsakiya unguwa ce mai sunanta, da yawansu suna da kanti da makarantar firamare da filin wasan yara a ciki. Da wuya ka ga gidan da ƙofarsa ke kallon babban titi. Bishiyoyi suka dasa suka rufe unguwannin, har satina na farko na yi ta kewaya shataletale ina neman gida, don duk kamarsu ɗaya, ba ka ganin gini balle ka yi alama da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ruwan sama ne. Nan ana ruwa kusan kowane wata, amma ban taɓa naɗe ƙafar wando don in shiga layinmu ba. Da na bi diddigi sai na gane tun farko wurin da ruwa ke kwanciya ba su sayar wa kowa ba. Tafkin Willen da na Caldecotte, da nake ɗauka don shaƙatawa aka yi su, ashe haƙa su aka yi don su riƙe ruwa in kogin Ouzel ya cika, a riƙa sakinsa a hankali. Gefen kogin aka bar shi ciyawa da itatuwa. Ranar da ruwa ya yi yawa, hanyar yawon ce ke nutsewa, gidajen mutane suna can tudu. Sai na tuna kududdufin bayan gidanmu da aka cike da shara aka gina, da damunar da muka kwana muna kwarfe ruwa daga ɗakin Hajiya.

Masu tafiya a ƙasa da masu keke kuma da tasu hanyar daban, mai jan kwalta, sama da kilomita 300 in an haɗa. In ta iso babban titi sai ta bi ta ƙarƙashi ko ta kan gada. Ɗiyata tana zuwa makaranta ba ta tsallaka titin da mota ke gudu. A kan hanyar nan nake haɗuwa da wasu fararen akwatuna masu ƙafa shida na kamfanin Starship, suna kai wa mutane cefane daga kanti. Ɗaya ya taɓa tsayawa kusa da ni a bakin layi yana jira mota ta wuce, 'yar tutarsa tana rawa, ni kuma na sake baki ina kallonsa kamar baƙauye.

Kada ka ce na zama ɗan kore, akwai abin da ban so. Gidan nan ba zaure, ba soro, baƙo yana ƙwanƙwasa ƙofa sai falo, ga iyali a zaune. Tsakar gidan a baya take, shingen katako ne, maƙwabci na hango ka daga tagar bene. Ba ka isa ka fasa bango ka buɗe shago ba sai da izinin hukumar gari, layya kuwa sai a mayanka. Garin an yi shi ne don mai mota, in ba ka da ita bas zai wahalar da kai, hanyoyin ƙarƙashin nan kuma da dare ba kowa ke son bi ba. Ba dakali, ba majalisa, shekara uku ban san sunan na gida na huɗu ba. Kuma ba kyauta ba ne: harajin gida nake biya wata-wata, daga ciki ake kwashe shara a mazubai huɗu, kowanne da irin abin da ake zubawa.

Don haka zaurenmu da katangarmu a bar mana kayanmu. Abu ɗaya nake roƙo: a fitar da hanya da lambatu da filin masallaci da na makaranta tukuna, abin da ya rage shi ne fuloti. Layin ya zama motar kashe gobara za ta shiga ta juyo, ko an ɗora makara mutane su wuce ba a goga bango ba. In shidan nan ne matsala, a cire biyu daga rabona.

In an yi ruwa mai ƙarfi na farko, don Allah ka je gonar da sassafe kai da Sani, ku ɗauko mini hoton duk inda ruwa ya kwanta, musamman kwarin da ke wajen tsamiyar nan. Kar a bar dillali ya kafa turke ko ɗaya kafin nan. A gaida Hajiya, a ce mata man zafin yana hannun mai zuwa ƙarshen wata.