Badagry: Jagora Naka Kai Kaɗai Ko Motar Rukuni?

Daga Agege zuwa Badagry, tsohuwar tashar cinikin bayi a Jihar Legas, motar rukuni ta fi araha, amma agogon direba ake bi. A leƙa benen da 'yan mishan suka gina a 1845, a ɗau hoto, sai ka ji "ku shigo mu tafi".

Jagora naka kai kaɗai kuwa, aljihu zai ji a jikinsa. Sai dai za ka daɗe a kurkukun bayi na Seriki Abass, wani tsohon dillalin bayi, ka ga sarƙoƙin ido da ido, ka yi tambaya har ka gaji, sannan kwalekwale ya tsallakar da kai Gberefu, tsibirin da ake lodin bayi a jirgi a da. Azahar ta yi, zai jira ka. Ni shi nake ɗauka, musamman in da dattijo a tafiyar. A dai gama ciniki tun daga gida, har kuɗin kwalekwale.